Ƙasaru a tafiyar shekara ɗari biyu

Jiya malamar Hausa ta kawo min littafi, tana so in amince a koyar da shi a aji shida. Da gumina na gina makarantar nan, littafi ba ya shiga sai na karanta.

Labarin wata 'yar Madabo ne da ta koma baya shekara ɗari biyu, ta kwana uku a can.

Na kira malamin Fiƙihu. "Malam, yarinyar nan ƙasaru za ta yi?"

"Alhaji, ta fita daga Madabo?"

"Ko zaure ba ta wuce ba."

"To, ta cika sallarta."

Malama ta ce, "Alhaji, ƙagaggen labari ne fa!"

Na ce, "Yara za su tambaya, yanzu muna da amsa." Na sa hannu.

Jama'a, matafiyiya ce ko mazauniya?