Ledar da Gwaggo Ta Kakkaɓe

Shekarun baya, wata Juma'a bayan la'asar, ina zaune a kan tabarma a tsakar gidanmu a Kura, sai na ji leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na lasa, na ji ɗaci. Da na duba yatsuna, sai ga wani jan gari ya maƙale a ƙarƙashin farce.

Wasa muke yi. Yayana ne ya sayo shi a Kano. 'Yan ƙananan kwalaye ne masu kusurwa huɗu, kowanne da zanen gona, ko hanya, ko ruwa. Mutum zai zura hannu a jaka ya zaro ɗaya ba tare da ya leƙa ba, ya ajiye shi inda ruwa zai haɗu da ruwa, hanya ta haɗu da hanya, har tabarma ta cika. Mu da muka tashi a bakin kanal ɗin ban-ruwan gonaki, nan da nan wasan ya shiga ranmu. Har Umma tana yi, tana faɗan an tare mata ruwa sai ka ce gonar gaske. Ni kuwa ina da wata ɗabi'a: in na zaro nawa, sai in maƙale shi a baki ina tunanin inda zan ajiye. Wai ni mai dabara.

Na ce, "Yaya, bakina ɗaci yake yi."

Ya ce, "Ɗacin shan kaye ne. Ajiye mana, Auta, kin tsare mutane."

"Wallahi da gaske nake."

Umma ta kamo hannuna ta duba, sannan ta shinshina ledar da muke zarowa a ciki. Jakar wasan ta yage ne da safe, Gwaggo ta kawo mana wannan. Yayar babanmu ce, a gidanmu take zaune, kuma ko murfin kwalba ba ta yarwa.

Yaya ya ce, "Gwaggo, ina kika samo ledar nan?"

"A ɗakin taki, bayan buhuna. Mai kauri ce, ta fi taku. Ai na kakkaɓe ta sarai."

Yaya ya ɗaga ledar a rana. Rubutun ya koɗe, amma a ƙasa ana iya ganin zanen ƙoƙon kai. Ledar maganin da Baba yake cakuɗa iri da shi kafin shuka ce, don kada ƙwari su ci.

Na taɓa ganin akuyarmu da ta ci irin da aka cakuɗa da shi, tana shure-shure, kumfa na fita a bakinta. Ita kawai nake gani. Umma tana salati tana wanke mini baki, Gwaggo ta taho a guje da manja, kafin kowa ya yi magana ta ɗura mini cokali guda.

Yaya ya ɗora ni a babur, ya cusa ledar a aljihu. Muka bi gefen kanal, motar kwandunan tumatir ta tare hanya, Yaya yana ta danna ham. Ina riƙe da rigarsa ina kalmar shahada.

Na ce, "Yaya, in na mutu ka ba Umma wayata. Amma ka fara goge hotuna."

"Rufe mana baki! Riƙe ni da kyau."

Muryarsa ce ta ƙara tsorata ni, don ban taɓa jin ta tana karkarwa ba.

A asibiti wata nas ta karɓi ledar, ta haska mini fitila a ido, ta tambayi ko na haɗiye garin. Da ta ji batun manja ta yi tsaki, ta ce kada a sake, yana iya ƙara ɓata lamarin. Ta sa na wanke hannu da sabulu, ta kwantar da ni, ta ce, "In kin ji yawu yana zuba, ko numfashi ya yi miki nauyi, ki kira ni."

Tana faɗa kuwa na ji bakina ya cika da yawu. Ban san na magani ne ko na tsoro ba. Na kwanta ina sauraron numfashina, kowane ja sai in ce na ƙarshe ne. Har yau in na tuna kwanciyar nan ƙirjina yakan buga, kuma duk leda ko galan da ban san asalinsa ba, ba ya kwana a gidanmu. Mutane suna cewa na cika tsoro. Na yarda.

Ana kiran magariba nas ɗin ta dawo, ta sake haska idona, ta auna ni. Ta ce, "Tashi, 'yammata. Abin da ya shiga kaɗan ne. Kin tsira."

Sai na ji kuka daga bakin ƙofa. Gwaggo ce. Ashe tun ɗazu tana tsugune a waje, ta biyo mu a ƙafa, ta kasa shigowa. Na ce, "Gwaggo, shigo mana."

Ta ce, "Sai ta sake faɗa na ji da kunnena."

Nas ɗin ta leƙa waje, ta ɗaga murya: "Gwaggo, 'yarki ta tsira."