Masarar da Ba Ta Gaji Uwarta Ba

A garinmu, nan kusa da Tsanyawa, in damina ta gabato ƙofata mata suke nufa, domin ni ce mai ajiyar iri. Ban taɓa zama a aji ba, amma idona ba ya kuskuren zangarniya. Wadda ta fi cika ita nake warewa, in rataye a madafi, hayaƙi ya kore mata ƙwari. Haka na ga kakata tana yi.

Wata shekara ɗana ya sayo irin masara a leda, wai na zamani. Na taɓe baki. Sai ga masara ta tashi kai ɗaya kamar an yi mata aski, goyo manya-manya. To, ni ba na gaba da abin kirki. Na zaɓi waɗanda suka fi, na rataye.

Da shuka ta zagayo, maƙwabciyata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da 'yar gona guda, ta shigo.

"Inna, a ba ni dawa kamar kullum."

Na ce, "Ke dai ba kya son ci gaba. Ungo masara, bana sai kin rasa wurin zubawa."

Ta shuke gonar kaf, saboda ni na faɗa.

Abin da ya fito, sai dai a ce Allah ya kyauta. Wata zanƙaleliya, wata kamar an danne ta, wata ga goyo amma ba ƙwaya. Kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Malamin gona ya biyo ta wurin a kan babur, na tare shi a bakin gonar.

Ya ce, "Hajiya, ai wannan masarar aure aka haɗa. Iri biyu daban ake haɗawa, 'ya'yan farko su fito bai ɗaya, da ƙarfinsu. Jikoki kuwa kowa ya ɗauko nasa, wani kakan nan, wani kakan can, har halin da ya ɓuya sai ya fito. Shi ya sa ake sayen sabo duk shekara."

Na ce, "Wato kun ɗaura aure ba binciken asali, kuma ba ku gayyaci kowa ba."

"Kullum muna faɗa a rediyo, Hajiya."

"Yaro, rediyon ce za ta koya mini iri?"

Ya yi dariya ya tada babur. Shi ai ba rumbunsa ba ne.

Da kaka, abin da ta girbe ko rabin rumbu bai kai ba. Ba ta zo mini da ƙorafi ba. Sai ma ta ƙara durƙusawa in za ta gaishe ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Na sa aka buɗe rumbuna, aka yi ta kai mata dammunan dawa har sai da na ga yaranta za su kai wata kakar. Ta zo tana murza bakin mayafi.

"Inna, ai da ba ki wahalar da kanki ba, ƙaddara ce."

Na ce, "Wace wahala? Zakka ce na fitar, kada ki ɗauka wani abu."

Dawata a shekarar ba ta kai a fitar mata da zakka ba. Ta sani, na sani. Ta ce Allah ya karɓa, na ce amin.