Haƙorin da ya raba ni da Inna

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma waɗanda zancen ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, ina tsoron in ɗora wa wani abin da bai yi ba. Amma abin ya ƙi barina.

Ina ƙarami, wajen lokacin da aka samu mulkin kai, auren iyayena ya mutu. Inna ta ɗauke ni daga Cake muka koma gidansu a Kona. Baba ya kai ƙara wurin alƙali a Tasawa, ya ce na kai shekara bakwai, a ba shi ɗansa. Inna ta ce biyar. Takardar haihuwa babu. Yadda kakata ta wajen uwa ta faɗa mini, alƙali ya ce a bar yaro wurin uwarsa sai ya yi famfara, wato ranar da haƙorin yarinta na farko ya fita.

Daga nan bakina ya zama abin tsaro. Gwaggona, ƙanwar Baba, tana aure a Tasawa, takan zo kan jaki ta ce ta zo gaisuwa. Kullum da ƙuli-ƙuli mai tauri kamar dutse.

"Ci mana, ɗana," in ji ta.

Kaka ta warce. "Mijina ba ya cin tsakuwa. Kai wa ɗan'uwanki, shi da ke da haƙoran kura."

Suka yi dariya. Ni ban san ko in yi ba.

Da kakar gyaɗa, lokacin da manyan motoci ke ta wucewa da buhuna, haƙorin ƙasa ya fara motsi. Aka hana ni rake, aka hana ni gyaɗa, sai kunu da fura. Duk da haka wata rana da hantsi na tsince shi cikin ludayi. Inna ta zauna ƙasa. Kaka ta jiƙa ƙaro ta liƙa shi a gurbinsa, ta ce in rufe bakina in baƙuwa ta zo. Bai kai azahar ba ya sake faɗowa, na riƙe shi a hannu, tun daga nan ban yarda na ajiye shi ba.

Gwaggo ta zo bayan kwana biyu. Ba ta ce in buɗe baki ba. Ta kira ni gindin bedi, wato darbejiya, ta ce, "Tsakaninka da Allah, ya fita?"

A makon nan malamin allo ya gaya mana makomar maƙaryaci. Na buɗe hannuna.

Kafin a gama sayar da gyaɗa Baba ya zo ya tafi da ni. Inna ta yi aure can kudu, tsallaken iyaka. Sau biyu kawai na ƙara ganinta, kuma ban iya tambayarta ba.

Abin da ya rikita ni ya zo daga baya. Bayan na gama lakol, wato firamare, a Mayahi na yi ƙarfin hali na tambayi Baba. Ya ce shi bai taɓa jin zancen haƙori ba, alƙali cewa ya yi bayan kakar gyaɗa a ba shi ni, da haƙori ko babu. To in haka ne, me ya kawo Gwaggo da ƙuli-ƙuli? Me ya sa ta rantsar da ni? Ko ita ma Kaka ce ta gaya mata? Ban san ɗayansu da ƙarya ba.

In maganar Baba ce daidai, ban yi wa Inna komai ba. In ta Kaka ce, da na yi shiru watakila da na ƙara ko da damina ɗaya tare da ita.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman dattawan ƙasar Tasawa da Mayahi, ko wanda mahaifinsa ya zauna a zauren alƙali a wancan zamani: an taɓa yanke riƙon yaro da famfara? Ko a gidanmu kaɗai aka faɗa? Wanda ya sani, don Allah ya sanar da ni, ko da amsar ba za ta yi mini daɗi ba.