Fuskar Ɗan Fari a Cikin Wayata

Shekarar da muka bar gonakinmu na Karare, gero ya nuna babu mai girbi, damina guda bayan rasuwar maigidana, a nan abin ya faru. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na ragu ba. Waya dai ina da ita, ta shafa-shafa: kore in amsa, ja in kashe.

Ɗana na fari yana cikin 'yan sintirin Batsari. Wayarsa ta faɗa ruwa, sai ya ari tawa, ya shiga shafin wurin aikinsu da sunansa da lambar sirrinsa. Ya gama, ya miƙo mini, bai fita ba. Ashe shafin nan bai san hannu ba. Wanda ya shiga da sunansa, shi yake ɗauka yana riƙe da wayar, ko da kuwa tsohuwa ce.

Ina cikin motar Safana za ni barka, mutanen daji suka tare mu da hantsi. Aka zube mu gefen hanya. Wani mai rawani, bindiga a kafaɗa, yana bi yana duba wayoyi. 'Yan sintiri suke nema, kowa ya sani.

"Iya, kawo taki."

Na kwance bakin zane na ba shi. Yana shafawa shafin ya buɗe, ga yaron nan cikin kakinsa yana murmushi.

"Wane ne wannan?"

Wata mai ƙuli-ƙuli da ke gefena ta tsungule ni. "Ki ce tsinta kika yi," in ji ta, can ƙasa-ƙasa.

To mu a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tsura masa ido a gaban jama'a. Da na kalli hoton nan sosai na ce ban san shi ba, da ƙila an wuce. Amma wuyana da kansa ya juya. Na sunkuyar da kai, na ja mayafi.

Mai rawanin ya yi dariya. "Kunya ce, Iya? Ai tawa uwar ma haka take yi mini."

Ya karanto sunan da ƙarfi, ya karanto unguwarmu, ya ɗauki hoton da tasa wayar, sannan ya ajiye tawa a cinyata.

"Ki gaishe shi. Ki ce mun gan shi."

Da suka sake mu na isa gida, ni na faɗa wa yaron nan, ina kallon bango. Kafin Juma'a ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, bai sake kwana a Batsari ba.

Direban motar ya riga mu gidan gaskiya. Mai ƙuli-ƙuli tana nan Safana, ƙafa ta hana ta kasuwa. Yaron nan yana raye, ina jin muryarsa. Mai rawani kuwa ban sani ba, kuma ba na tambaya.