Shekara Biyu Ina Biya da Sunan Yaya

Wata huɗu na yi a Doha ni kaɗai kafin matata da 'yarmu su iso. Karatun digiri na uku ya kawo ni, ina kuma taimakawa a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ana ba ni alawus a ƙarshen wata. A watannin nan ban damu da mota ba. Akwai bas da ke kwasarmu da safe ya dawo da mu da yamma, ran Juma'a kuma in bi wani mu je masallaci. Sai da iyali suka zo, na kama ɗaki biyu a Mu'aither, a wani babban gida da aka yanyanka da katako aka zuba 'yan haya, sannan na gane ba a zaman garin nan da ƙafa.

'Yar tamu tana da sikila, shekararta huɗu a lokacin. Ranar farko da ciwon ya tashi mata a Doha, tsakiyar bazara ce, da hantsi. Na saɓa ta a kafaɗa muka taka har bakin babban titi, uwarta tana kare mata rana da mayafi. A wancan lokacin tasi ba ta da yawa, a unguwarmu kuwa sai an yi sa'a. Mun kusa awa guda a tsaye, yarinya tana kuka har muryarta ta dishe, kafin wani mai akori-kura ya tausaya ya tsaya. Da aka sa mata ƙarin ruwa ta samu barci, matata ta dube ni ta ce, ko mu samu mota ko ta koma gida da yarinyar. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma na san gaskiyarta.

Kuɗin saye ban da su. Banki ya ce alawus ba albashi ba ne, ba a ba da rancen mota a kansa. Abin da ya rage shi ne hayar dogon lokaci, wadda za ka riƙe mota shekara ɗaya ko biyu kana biya wata-wata. Na riga na sha wahalar samun lasisin tuƙin ƙasar, don haka na ɗauka na gama da mai wuyar. Na sa farar shaddata, na ɗauki jakar takarduna, na tafi wani kamfanin haya.

Ma'aikacin da na samu mutumin Sham ne, mai fara'a, har shayi ya sa aka kawo mini. Ya nemi takardar albashi daga kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, da bayanin asusun banki na wata shida, da cek-cek da zan sa wa hannu na duk watannin hayar. Asusuna bai kai wata shida ba, banki kuma bai ba ni littafin cek ba. Sai na buɗe jakata na zaro abin da nake da shi: takardar shaidar shekara tara da na yi ina koyarwa a Gusau, wasiƙar yabo daga shugaban makarantar, har da takardun tsohuwar motata da na sayar na yi guzuri. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya don kada ya ba ni kunya, ya tattara, ya miƙo mini.

"Duk na yarda da su, ɗan'uwa," ya ce. "Amma a nan ba ka da tarihi. Ba wanda ya taɓa ba ka wani abu ka mayar."

Na ce ta yaya zan yi tarihin in ba a fara ba ni ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce in samo wanda ya daɗe a ƙasar ya ɗauka da sunansa, a sa ni direba na biyu. Na je wurare biyu bayan nan, amsar ɗaya ce, sai dai su ba su ba ni shayi ba. Shekarata talatin da biyar, a garinmu in na aika da baki kawai ana ba ni buhun shinkafa har in samu, ga shi an ce ba a san ni da komai ba.

Akwai wani mutumin unguwarmu na gida, abokin babban wana tun suna firamare, wanda ya fi shekara goma a Doha. Da gadi ya fara, har ya zama shugaban masu gadi a wani kamfani. Yaya nake ce masa, kamar yadda nake ce wa wan nawa. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, a gidansa na ci tuwon farko. Ban roƙe shi ba. Ina ba shi labari ne kawai bayan sallar Juma'a, ya yi dariya ya ce wannan ai ba matsala ba ce, me ya sa ban gaya masa tun farko ba. Washegari muka koma wurin mutumin Sham ɗin. Cikin rabin awa aka gama. Yaya ya sa hannu a cek-cek, aka rubuta sunana a ƙasan nasa da ƙananan haruffa, aka ba mu makulli biyu na wata ƙaramar farar mota. Ya ba ni ɗaya, ya jefa ɗaya a aljihu, ya ce saboda tsaro. Na yi ta godiya har ya ce in bari haka nan.

Muka shirya duk wata zan kai masa kuɗin hayar kwana uku kafin ranar da za a kai cek banki. Ban taɓa saɓawa ba. Akwai watannin da muka ƙarasa da wake da shinkafa babu nama, amma ambulan ɗin Yaya ba ta taɓa makara ba.

Watan farko lafiya lau. A na biyu ya kira ni ya ce motarsa tana gareji, in taimaka in ɗauko masa yara daga makaranta a Al Aziziya. Na je da murna, don na samu abin da zan rama alheri da shi. Motarsa ta fito daga gareji, amma ɗauko yara ya zama nawa duk ranar da yake da aikin rana. Sai kai matarsa kasuwar Souq Waqif sayen kayan yaji da turare, in zauna a mota ina duba takardun karatuna har ta gama. Sai baƙi masu ya da zango a hanyarsu ta Umara, in je filin jirgi in ɗauko su, in zagaya da su kasuwa, in mayar da su. Ba ya taɓa cewa dole. Yakan ce, "Ƙanina, in ba ka da abin yi," alhali ya san ina da shi. Sau biyu malamin da ke duba aikina ya neme ni a ɗakin gwaji bai same ni ba, na yi masa ƙaryar asibiti, da ciwon 'yata na yi ƙaryar, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Wata rana na kawo masa wasu baƙi 'yan kasuwa daga Kano. Muna cin abinci ɗayansu ya yaba motar, ya tambaye ni nawa na saya. Kafin in buɗe baki Yaya ya ce ai tasa ce, ya ba ni ne ina lallaɓawa da ita saboda yarinya ba ta da lafiya. Baƙin suka yi ta sa masa albarka, suka ce irinsu ne ke riƙe zumunci a ƙasar waje. Na sunkuyar da kai na ce amin tare da su. A hanyar gida na gaya wa matata, ta ce in yi haƙuri, a takarda ai bai yi ƙarya ba.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a shekara ta biyu, wata Asabar da safe. Yarinya ta tashi da ciwon ƙirji, numfashinta yana sama-sama. Na naɗe ta a bargo na fito da gudu, na tarar babu mota a inda na ajiye ta. Na ɗauka sace ta aka yi. Na kira Yaya don in gaya masa, tunda da sunansa take, sai ya ce in kwantar da hankalina, shi ya zo bayan asuba ya ɗauka. Surukansa sun zo, motarsa ba ta ɗauke su duka ba, sun fita bayan gari shan iska, bai so ya tashe ni ba. Na ce masa yarinya ce ba lafiya. Ya yi salati, ya ce suna da nisa, in nemi tasi zai biya.

Maƙwabcina, wani Basudane mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ya kai mu a motar aikinsa, matata tana rungume da yarinya a gaba, ni ina baya tsakanin tukwanen gas. Kwana shida muka yi a asibiti, har da ƙarin jini. Yaya ya zo dubiya da yamma da kwalin lemo da kaji gasassu, ya ajiye mini motar a harabar asibitin cike da mai. Ya ce da ya sani da bai ɗauka ba, kuma na yarda da shi. Amma makullin nasa bai ba ni ba, ni ma ban iya tambaya ba. Na lissafa saura wata bakwai, na ce zan daure.

Da wa'adin ya cika na shirya sosai. Yanzu ina da bayanin banki na fiye da shekara biyu, ina da littafin cek, jami'a ta ba ni wasiƙa. Na tafi ni kaɗai ban gaya wa Yaya ba. Mutumin Sham ɗin yana nan a teburinsa, ya gane ni, ya tambayi yarinya. Na ce na zo in sabunta hayar da sunana. Ya buɗe fayil ya yi ta yabon Yaya, ya ce a cikin masu hulɗa da su samun irinsa sai an tona, wata ashirin da huɗu ko kwana ɗaya bai taɓa makara ba, ga mota an riƙe ta tsaf. Na ce ni ne na biya, ni ne na riƙe ta. Ya ce ya sani, amma kamfani cek yake gani, cek kuwa na Yaya ne. Ni sabon mai hulɗa ne, kuma ɗalibi, don haka sai in ajiye kuɗin jingina mai yawa, kuma farashina na wata zai fi na da. Ya ƙara da cewa, kamar yana ba ni albishir, Yaya ya zo makon jiya, sun ba shi babbar mota a farashi mai rangwame saboda kyawun tarihinsa.

Daga nan gidan Yaya na wuce. Sabuwar motar tana ƙofar gida, baƙa, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Na same shi a falo, na ajiye makullina a kan tebur, na faɗi abin da ke cikina. Ban zage shi ba, amma na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce shekara biyu ina biya ina kuma yi masa direba, ya tashi da suna da sabuwar mota, ni na tashi a inda na fara. Ya bar ni har na gama.

"Da cek ɗaya ya dawo babu kuɗi, wa za a kama, ni ko kai?" ya ce. "Ka san a ƙasar nan ɗauri ne. Na sa wuyana saboda kai lokacin da ba wanda ya san ka. In ban sa sunana ba, da me za ka kai yarinyar asibiti?"

Abin da ya faɗa gaskiya ne, kamar yadda nawa ma gaskiya ne. Na tashi na fita, na taka da ƙafa har gida.

Ban koma kamfanin ba. Wani Ba'indiye da muke aiki tare zai bar ƙasar, ya sayar mini da tsohuwar motarsa da ɗan abin da matata ta tara daga ɗinkin da take yi wa matan unguwa. Sanyinta ba ya aiki sai tana gudu, ƙofar baya ɗaya ba ta buɗuwa daga ciki.

Kwana goma bayan nan babban wana ya kira daga gida. Labari ya riga ya kai masa, har ya kai wa mahaifiyarmu. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya ce na ba shi kunya, mutum ya ɗauke ni kamar ƙaninsa na ciki ɗaya, ya ba ni mota shekara biyu, na je har gidansa na yi masa tsawa a gaban iyalinsa. Na fara bayani, ya ce ba ya son ji. Sai ya miƙa wa mahaifiyarmu wayar, ta ce ita ba ta san mota ba, ba ta san cek ba, abin da ta sani shi ne ba ta haifi butulu ba, in je in ba shi haƙuri kafin Juma'a.

Ranar Alhamis da la'asar muka je ni da matata, da kwalin dabino da turare. Na durƙusa a kan kafet ɗin falonsa na ce na yi kuskure, ya yafe mini. Ya ce ba komai, ai yaro ba ya gama girma a wurin manyansa, ya sa aka kawo abinci. Muka ci, muka yi hirar gida. Da za mu tafi ya rako mu har waje, ya zagaya tsohuwar motar tawa yana ƙwanƙwasa jikinta, ya ce ba laifi, za ta yi. Sannan ya ce ranar Lahadi, da a nan ake komawa makaranta, yana da aikin rana, in ba ni da abin yi in biya ta makarantar yara. Matata ta taɓa ni a gwiwar hannu. Na ce to, Yaya, Allah ya kai mu.