Hannun Kawu a Cikin Waƙa

Kawuna kafinta ne, kuma duk wanda ya taɓa gaisawa da shi ya sani, don sai ka duba yatsunka ka ga ko suna nan su biyar. Tafin hannunsa faɗi gare shi kamar faranti, ga kanta ko'ina. Sai dai kada ka kuskura ka kira shi kafinta ka yi shiru. A wurinsa shi ɗan harkar waƙa ne, katako kuwa na rage lokaci ne kawai.

Ga asalin maganar. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce, wani mai haɗa kiɗa ya kama shagon da ke jikin nasa ya buɗe sutudiyo. Kawu ne ma ya buga masa soso a bango don kada ƙarar zarto ta shiga waƙar mutane. Wata rana da hantsi mutumin ya leƙo ya ce yana neman mai tafi, 'yan amshinsa in sun tafa kamar suna shafa mai. Kawu ya karkaɗe garin katako daga rigarsa, aka tsayar da shi gaban makirufo, ya tafa sau takwas. Aka ba shi lemon kwalba mai sanyi, ya koma kan ƙofar da yake haɗawa. Iyakar aikinsa a duniyar waƙa ke nan, bai kai minti biyar ba.

Mai sutudiyon ya adana tafin a kwamfuta. Ya sa shi a waƙa ɗaya ta karɓu, ya sa a ta biyu. Abokan sana'arsa suka kwafa, su ma aka kwafa a wurinsu. Daga baya sutudiyon ya rufe, wurin ya koma shagon gyaran waya, mutumin ya bar gari ba wanda ya san inda ya nufa. Tafin kuwa, in ji Kawu, yana nan yana yawo daga waƙa zuwa waƙa.

Mu dai mun ga ta kanmu. Kuna cikin motar haya, kowa ya yi tsit, sai ka ji ya daki bayan kujera: "Direba, ƙaro murya! Hannuna ne wannan!" A wurin biki sai ya bar abinci ya je ya tsaya kan mai saka kiɗa yana yi masa tarihi. Akwai ranar da na raka shi ganin likita, wayar wata mata ta yi ƙara da wata waƙa mai tafi a ɗakin jira, ya roƙe ta kada ta ɗauka tukuna. Ranar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In ka tambaye shi yadda yake ganewa, ba shi da wani bayani. Sai ya ce, "Kai, mutum bai san hannunsa ba?"

Bai taɓa neman a sa sunansa a ko'ina ba, dariyarmu ma ba ta dame shi ba. Abu ɗaya yake so a duniyar nan: matarsa, wadda muke kira Anti, ta ce ta yarda. Ita kuwa ko gezau.

"Malam, duk duniya kai kaɗai Allah ya ba hannu?"

"Ki dai saurara da kyau."

"Na saurara. Ƙafar teburin da ka ce za ka gyara tun bara, ita ma tana saurare."

Haka suka yi ta yi har 'ya'yansu suka yi aure.

Sai zamani ya juya. Wata rana babbar 'yarsa, mai aiki a kamfanin talla, ta nuna masa wata manhaja a wayarta. Ka rubuta abin da kake so, kafin ka sha ruwa waƙa ta fito, da murya da kiɗa da komai. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya tambaya wa ya yi tafin.

"Ba kowa, Baba. Na'ura ce."

"To da hannun wa?"

Muka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Sannu a hankali irin waɗannan waƙoƙin suka cika rediyo da motoci da shagunan aski. Kawu ya shiga mota ya karkata kunne tun daga tasha har gida, ya sauka bai ce uffan ba. Wata ɗaya, wata uku, har shekara ta kusa zagayowa. Mu da muke roƙon Allah ya yi shiru, da ya yi shirun sai abin ya dame mu. Ni dai tausayinsa ya kama ni sosai, don tsufa ya sauko masa lokaci guda.

Wata ranar hutu da yamma muna falonsa mu da yawa. Anti ta shimfiɗa bargo a ƙasa tana guga, talabijin na yi, aka sako wata sabuwar waƙa mai tafi a ciki. Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce da wata 'yar murya, "Hannuna ne." Ko shi bai yarda da abin da ya faɗa ba, a fuskarsa na gani. Mu kuma don tausayi muka haɗa baki, abin da ba mu taɓa yi ba: "Ai kuwa, Kawu, naka ne!"

"Ba nasa ba ne," in ji Anti, ko kai ba ta ɗaga ba. "Wannan a bushe yake fita, kamar an rufe akwati. Nasa yana jan ƙafa a ƙarshe, saboda ɗan yatsan nan da guduma ta murƙushe. Rabona da in ji shi tun tallar sabulun nan ta bara."

Kawu ya ɗaga hannun hagunsa yana kallon ɗan yatsan kamar yau aka ba shi.

"Ashe kina ji?"

"Tun waƙar farko."

"Shekara ashirin kina ƙaryata ni, baiwar Allah!"

"Ban yarda ba ma ka hana mu sakat a mota. Da na yarda fa? Ai sai mu kwashe kayanmu mu bar maka gidan."

Idon Kawu ya kawo ruwa. Ya ce hayaƙin dutsen guga ne, alhali na lantarki ne. Ya daɗe yana murza hannuwansa, sannan ya matsa kusa da ita ya rage murya, a zatonsa ba ma ji.

"A tallar sabulun... ya fita da kyau?"

"Ya fita," ta ce. "Ɗaga ƙafarka, ka taka mini zani."