Fiton Yaya Siddik a Saman Soro

Shekara shida ke nan da muka kai yayana Siddik makwancinsa a Umdurman. Tela ne, amma unguwa ta fi saninsa da haukan shirwa. Kullum da la'asar sai ya karɓo guntayen nama wajen mahauta, ya hau saman soro, ya yi wani dogon fito, ya cilla naman sama, ya ɗauki hoton shirwa daidai lokacin da ta kawo sura. Na sha yi masa tsiya cewa mutane na kiwon kaji, shi yana kiwon ɓarayinsu.

Ya rasu kafin yaƙi, kuma nakan ce Allah ya hutar da shi. Sararin da yake wuni yana kallo, yau tsoronsa muke ji. Da yana nan, na san ba zai haƙura da hawa soron ba, kuma na san yadda za ta ƙare.

Ni ne na kusa biya masa. Wata rana masu bindiga suka shigo gidanmu bincike, suka zaro kyamararsa mai dogon baki daga ƙarƙashin gado. Babbansu ya ce da ita nake nuna wa jiragen yaƙi inda suke. Na rantse ta ɗaukar tsuntsaye ce. Batir ya mutu tuntuni, hotunan da aka wanke kuma suna wajen matarsa a Alhilla Kuku, ƙetaren kogi.

Ya ce, "Tsuntsaye, Alhaji? To, kira mana su mu gani."

Na hau soron da bakin bindiga a bayana, riƙe da ɗan busasshen naman da ya rage mana. Yawuna ya ƙafe, fiton farko iska kawai ya fitar. Na ji an ɗana bindigar. Na lashi leɓe na sake, yadda nake kwaikwayon Siddik in ina tsokanarsa, na cilla naman. Sama fayau, ba komai. Can sai inuwa ta gifta kanmu, shirwa ta sure shi tun bai faɗo ba.

Suka yi dariya, suka bar ni, suka tafi da kyamarar. Hotunan ma har yau ban san ko sun tsira ba. Duk abin da yayana ya tara ya watse, sai fiton nan da na koya don in ba shi haushi.

Ina kewarka, Yaya, Allah ya kai haske kabarinka. Jiya da la'asar na hau soron na yi fiton. Ba nama a hannuna, amma shirwa ta zo.